Ranar da Aka Raba Hassan da Hussaini

Litinin, 9 ga Oktoba 1989, bayan la'asar

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, tunda ka riga ka buɗe, amsa mini: in aka ba ka amanar tagwaye, sai rabon kaya ya taso, ɗaya za ka miƙa wa wannan gida, ɗaya wancan, ka ce ka yi adalci? Mairo, in ke ce, na kuwa san ke ce, rufe ki mayar ƙarƙashin katifa inda kika ɗauko. In kin ƙi, to karanta har ƙarshe, kada ki tsinci rabi ki kai cikin gida.

Hassan ya mutu yau da hantsi.

Ba mutum ba ne, kada wani ya fara salati. Faifai ne na ƙarfe, bai wuce girman bulo ba, a cikin kwamfutar Ƙungiyar Manoman Iri, nan ofishinmu na Funtua. Duk abin da muka buga, a cikinsa yake kwana. Jiya an yi ruwan bankwana da tsawa. Yau Yaya Liatu ta kunna injin, sai muka ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsagar kwano. Ta kashe, ta sake kunnawa. Ƙas, ƙas. Ta ɗora hannu a kan akwatin kamar mai taɓa goshin yaro. Ni na ce abubuwa da yawa, ba na rubutawa ba ne.

Yaya Liatu ce mai kula da injin, a Kaduna ta yi karatunsa. Ni Abdussamad mataimakinta ne, mai buga lambobi, ɗan aji huɗu da ya ƙarasa karatunsa a jaridun ƙunshe kaya a shago.

Hassan yana da ɗan'uwa. Da Hussaini yana nan, da yau ba abin da ya faru sai neman sabon faifai.

Hussaini ba ya nan.

Talata, da hantsi

Manaja, Malam Abubakar, ya ce a rubuta bayani. Bari in fara yi wa kaina.

Ranar da injin ya iso bara, kyautar wasu masu ba da tallafi, ina tsaye a kan Yaya Liatu ta raba cikin faifan farko ɗaki uku. Ƙarami na hankalin injin kansa. Matsakaici na wasiƙu da shirgin ofis. Babban na gwajin dawa.

Na ce, “Yaya, me ya kawo bango a cikin ƙarfe?”

Ta ce, “Ku a gidanku akuya da hatsi ɗaki ɗaya suke kwana? In wasiƙun Manaja sun cika ɗakinsu, kada su zubo mana cikin dawa.”

Sannan ta yi wa faifai na biyu irin rabon nan sak, ta haɗa su, yadda duk harafin da aka rubuta wa wannan, nan take an rubuta wa wancan. In ɗaya ya faɗi, ɗaya na tsaye. Maigadi ya leƙo ya ji bayani, ya ce, “Ashe tagwaye ne. Abin da ka saya wa Hassan sai ka saya wa Hussaini, in ba haka ba ka ga ba daidai ba.” Suna ya bi su.

Abin da ke babban ɗakin: damina bakwai ta gwaji a gonar Tsiga, ana neman dawar da ciyawar wuta-wuta ba ta kashewa. Buhunan iri suna sito, kowanne lamba ce kawai a jikinsa. Wace lamba ta jure, wace ta ƙone, wace ce 'yar wace, duk a ɗakin nan yake. Littattafan gona na takarda, da muka gama buga su aka jibge a sito, gara ta yi walima da su. Ba wanda ya damu. Ai suna cikin tagwaye. Ƙananan faya-fayan da Yaya ta nema tun rani don ajiyar waje kuwa, har yau suna “kan hanya”. Hanyar nan ta fi ta Makka a ƙafa tsawo.

Laraba, bayan magariba

Ban ci tuwo a gida ba. Na sayi dafaffiyar masara a tasha.

Alhamis, da azahar

To.

A watan Agusta ƙungiya ta rabu biyu. Mutanen Malumfashi da Kafur suka ce sun gaji da zuwa Funtua karɓar iri kamar masu roƙo, za su buɗe nasu ofis. An yi cacar baki har wani ya ɗaga kujera. Aka naɗa kwamitin raba kaya, da Shugaba, dattijon da kowane ɓangare ya yarda da shi. Ya kuwa raba. Sikeli biyu, ɗaya-ɗaya. Famfunan feshi, kekuna, bencuna, har butoci. Ban taɓa ganin rabo mai tsabta irin wannan ba, wannan kam dole in faɗa.

Yaya Liatu tana hutun haihuwa a Kafur.

Aka zo kan injin. Na Malumfashi sun samo tsohuwar kwamfuta marar babban faifai. Wani cikinsu ya ce ya ji ta Funtua biyu gare ta. Shugaba ya dube ni ya ce, “Abin da ke cikin wannan, shi ne a cikin wancan?”

Na ce, “Shi ne, amma...”

“To me ake da biyu, ɗan'uwanka ba shi da ko ɗaya?”

Na yi bayani. Wallahi na yi bayani. Wataƙila da ƙarfi. Wataƙila kalmar jahilci ta fito, amma ban ce da wani nake ba. Aka ce in fita. Na fita. Da yamma aka kira mai gyaran rediyo ya kwance Hussaini, aka naɗe shi a tawul, aka sa a bayan Fijo.

Tun ranar, kullum da safe injin sai ya rubuta mana cewa ɗan'uwansa ba ya nan. Mu danna maɓalli mu wuce.

Juma'a, bayan masallaci

Na gaishe shi a zaure, ya amsa. Ya ce, “Ba a ganinka wurin tuwo.” Na ce aiki. Ya ce Allah ya taimaka.

A ofis Shugaba. A gida Baffa. Alhaji Maiwada, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙo hannuna daga maƙabarta ya kawo ni gidan nan, wanda ya sa baki aka ba ni aikin nan, uban Mairo mai leƙen littafin mutane.

Na rubuta. Hannuna bai karye ba.

Litinin, da sassafe

Gobe za mu Malumfashi ni da Yaya. Hussaini yana da komai har zuwa ranar rabo. Damina shida cif, da rabin ta bakwai. Ban san me ya sa nake ta huci ba tun makon jiya. Na yi sallah yau da sauƙin zuciya, har na tsokani maigadi.

Talata, bayan isha'i

Mota ta tsaya da mu a Bakori ana ɗora buhuna, jaririya Rahab ta yi ta kuka, Yaya na jijjiga ta tana yi mata waƙar coci a hankali. Ni ina ta lissafa yadda zan shiga ofis gobe da Hussaini a tawul, in ajiye a teburin Manaja ba tare da sallama ba.

Bitrus, akawun ofishin Malumfashi, ya taho da gudu ya tarye mu. “Maman Rahab! Barka da arziki! Kawo ta nan in ga ko ta ɗauko hancin ubanta Habila, Allah ya kiyaye.” Ya aika a kawo lemo. Ya ja mu wurin injinsa yana murmushi kamar ango.

“Ku duba. Ni kaɗai na yi, da littafi. Na share shi tas, na raba shi ɗaki biyu, nan wasiƙu, nan sunayen membobi.”

Yaya ta ce, “Ka share.”

“Tas. Sai da ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata mana, ai an ce mini kwafi ne, na asali yana Funtua.”

Na buɗe baki. Yaya ta taka mini ƙafa, da takalmin nan nata mai tsini.

Ta zauna, ta bincika kowane lungu har la'asar, ko wani abu ya tsira a ƙarƙashi. Wata biyu Bitrus yana rubutu a kai. Wasiƙu, sunaye, har da waƙoƙin 'yan kwaya na cocinsu. Da ta kai kan waƙoƙin sai ta yi dariya, irin dariyar da ba na son in sake ji.

Ta ce, “Rabonka ya yi kyau, Bitrus. Bangon ya tafi daidai.”

Sai a lokacin ya dubi fuskokinmu. Ya ce, “Me ya faru a Funtua?”

Da aka gaya masa, ya zauna a ƙasa, a kan siminti, babban mutum da shi. Ni da na zo da zagi cike da baki, ni na ɗaga shi.

Laraba

Amma. Amma. Da an bar ni na ƙarasa ammar nan.

Asabar, da hantsi

Masu tallafi za su aiko mutum daga Kaduna ranar babban taro, huɗu ga Nuwamba. Dole a ba shi sunan mai laifi ya tafi da shi. An samo.

An dakatar da Yaya Liatu. Takardar ta ce sakaci, ta ce jami'ar ba ta taɓa sanar da shugabanni hatsarin da ke cikin zama da faifai ɗaya ba. A taro za a tabbatar da kora.

Ba ta taɓa ba? Satin da ta dawo hutu ta ga Hussaini ba ya nan, ko jaka ba ta ajiye ba ta ce in raka ta shagon Shugaba. Ta durƙusa da goyo a bayanta, ta ce, “Baba, a taimaka a dawo da shi ko na wata ɗaya ne, in kwafe, in san dabarar da zan yi.” Ya ce, “'Yata, bari kaka ta wuce, zukata su huce. In na aika yanzu sai su ce Funtua ta lashe amanta.” Ta ce to, Baba.

Mu uku ne a shagon. Huɗu da Rahab, ita kuwa ba ta iya ba da shaida.

Na shiga wurin Manaja. Na ce, “Ranka ya daɗe, kana ɗakin ranar rabo.”

“Ina ɗakin. Ni masanin inji ne? Wa ke da takardar inji a ofishin nan?”

“Wadda ke da takardar tana kan gadon jego!”

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, “Abdussamad, ka san gidan da kake kwana?”

Na sani. Abin da ke hana ni barci ke nan.

Lahadi, da yamma

Na je gidansu a nan Funtua bayan sun taso coci. Mijinta, Malam Habila, ya ba ni kujera ya fita da yarinya, wai zai nuna mata awaki.

Na ce, “Yaya, me kika rubuta a amsarki?”

“Na ce na sanar da baki.”

“A gaban wa?”

“Ban sa ba.”

“Me ya sa?”

“Sarkin baki, sha ruwanka.”

“Me ya sa, Yaya?”

Ta ce, “Ba zan tsaya tsakaninka da kwanon tuwonka ba. Mutumin nan ubanka ne. Kuma ba mugu ba ne, ka sani, na sani.” Ta ƙara da cewa, “Aikin ba shi ne ba. Kalmar ce. In na fita da sakaci a goshina, ba ofishin da zai ƙara miƙa mini maɓallin ɗakin inji, daga nan har Zariya.”

Na taso ina jin haushinta. Mutum ya zo a roƙe shi, a ƙi roƙonsa. Da ta ce ka yi, da na ce an tilasta mini.

Talata, bayan azahar

Baba Maitama, wanda ke kula da gonar gwaji ta Tsiga tun daminar farko, ya zo a keke. Bai ji labari ba. Ya ce in duba masa lambar da za a ware don baɗi, yana so ya gyara mata rumbu.

Na gaya masa. Ya daɗe yana kallon sito.

Ya ce, “To irin dai yana nan?”

“Yana nan, Baba. Sai dai ba mu san wane ne wane ba.”

“Sai mu sake shuka su duka, wuta-wuta ta sake zaɓa mana. Ita ba ta mantuwa.” Ya ɗaure ƙafar wandonsa. “Shekara bakwai ce. Kai za ka gani.”

Bai ce mu za mu gani ba.

Alhamis

Littafin nan ya canja kwanciya. An kuma ajiye mini tuwo a ɗaki, miyar kuɓewa, an kife kwano a kai. Ban tambayi kowa ba.

Juma'a, bayan la'asar

Na same shi a shago shi kaɗai. Na zauna a kan buhu inda nake zama ina yaro ina haɗa baƙaƙen jarida, yana yi mini dariya wai zan zama gwamna.

Na ce, “Baffa, maganar Yaya Liatu.”

Ya ci gaba da auna gishiri. Can ya ce, “Ranar rabo, da na bar wa Funtua biyu, da jini ya zuba a ɗakin nan. Ka san haka?”

“Na sani.”

“In na tashi a taro na ce rabona ya jawo, Malumfashi za su ce su nake zargi, Funtua za su ce na sayar da su. Abin da na ɗinke da ƙyar ya sake yagewa. Yarinyar nan ba zan bari ta wulaƙanta ba. Na yi magana da wani, za a samo mata wuri.”

“Wurin sayar da me? Da sunan mai sakaci?”

Mudun ya tsaya a hannunsa.

Ya ce, “Kai ka kira ni jahili a gaban mutanen gari biyu.”

“Baffa, ban ce kai...”

“Tashi ka je, za a kira magariba.”

Ya tsufa a makonnin nan. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ban so na lura ba.

Litinin, da hantsi

Gwaggo, yayar su Baffa, ita kaɗai ke iya ɗaga masa murya a duniya, ta aika a kira ni ɗakinta. Ban san wa ya ba ta labari ba. Na sani.

Ta ce, “Zauna, mai bakin reza. An ce kun raba tagwaye.”

“Ba ni na raba ba, Gwaggo.”

“Rufe mini baki. Ko na ƙarfe ne, wa ya taɓa raba tagwaye ya kwana lafiya? Maiwada ya yi kuskure, ya kuma san ya yi, shi ya sa tuwo ba ya wuce masa. Amma kai ka ƙulle masa ƙofa. Gaskiyarka ka jefa masa kamar dutse, ya kauce. Da a faranti ka miƙa, da ya karɓa tun ranar.”

Na ce, “To in yi shiru ke nan?”

“Wa ya ce ka yi shiru? A kori mai jego a kan ƙarya, kana da shaida a baki, ka zo ka ci mini tuwo a gidan nan? Magana za ka yi. Amma ka cire takalmi. Ka durƙusa. Kada ka ce Shugaba, ka ce Baffa. Kalmomin nan naka na jarida kuma ka bar su a gida.”

“In ya kore ni fa?”

“In ya kore ka ya kore ka. Ɗan'uwansa ne ya haife ka, kai da shi kamar an tsaga kara. Je ka, ka cika mini ɗaki da huci.”

Laraba

Na gwada a bayan sito, ni da buhuna. Sau uku jahilci na fitowa da kansa.

Alhamis, da yamma

Na haɗa kayana a jaka ɗaya, in da hali. Ƙamus ya ƙi shiga.

Asabar, 4 ga Nuwamba, ana kiran la'asar

A gindin mangwaron ofis nake rubutu, littafi a kan gwiwa, a yi haƙuri da rubutun.

Rumfa ta cika. Funtua a dama, Malumfashi a hagu, kamar an ja igiya. Manaja ya karanta takardarsa. Yaya Liatu na zaune a bencin baya da Rahab, ba ta ɗaga kai ba. Baƙon Kaduna ya ce ko akwai mai magana kafin a sa hannu.

Na cire takalmi. Na taka har gaban tebur, na durƙusa. Na ce, “Baffa, ka yafe mini kalmar da na faɗa ranar rabo, ba tarbiyyarka ba ce. Rabon da ka yi don zaman lafiya ka yi shi, kowa a nan shaida ne. Amma Baffa, ina shago ranar da Yaya Liatu ta durƙusa inda na durƙusa yanzu, ta roƙi a dawo da faifan. Ka ce a bari kaka ta wuce. Abin da na ji ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba.”

Rumfa ta ɗauki hayaniya. Wani daga dama ya ce ɗan banza, ya ci amanar gida. Bitrus ya miƙe daga hagu yana cewa shi ya share, a rubuta sunansa, ba wanda ya saurare shi. Baffa bai motsa ba. Idonsa na kan takalmana.

Baƙon ya ninke takardar kora ya sa a aljihu. Ya ce bayan sallah za a ji daga bakin Shugaba. In haka ne, ba laifin jami'a. In ba haka ba ne, zai sa hannu.

A wurin alwala na tsaya nesa. Ya gama tasa, ya miƙe, ya biyo ta gabana. Bai dube ni ba. Ya ajiye butarsa a gaban ƙafata, da sauran ruwa a ciki, ya wuce.

Ban san me butar ke nufi ba. Ban kuma yarda ta isa ba. Ba a gaban buta aka kira Yaya Liatu mai sakaci ba, a gaban gari biyu aka kira ta.

An tayar da iƙama. Zan bi sahu a bayanka kamar kullum. Amma in an sallame aka koma rumfa, Baffa, tashi tsaye. Kaka ta zo, ga masara nan a kowane rufi. Faɗa da bakinka, yadda na bencin baya za su ji: Yaya Liatu ta zo shagonka, ko ba ta zo ba?